Jinina a Jikin Awaisu

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Ya dawo! Alhamdulillahi, ƙanena Awaisu ya dawo Tsiga da ƙafafunsa, ba a makara ba kamar yadda wasu suka riga suka yanke. Jiya muka taro su a Kano, shi da matarsa Rabi. Yau kwana ɗari da goma sha takwas da yi masa dashen ɓargo a Indiya, kuma ɓargon nawa ne, ni Hafsatu. Sankarar jini ce ta kama shi bara da kaka. Na rubuta sunanta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Daga yau sunanta waccan.

Mu shida Inna ta haifa, duk aka gwada mu don a ga wanda nasa zai dace. Kowa ya sa rai a kan Zakariya, ɗan gaban goshinsa. Bai dace ba. Labo ma haka. Sai ni! Alhali duk Tsiga an san ni da Awaisu jininmu bai haɗu ba. Tun muna yara ba ma gama tuwo a kwano ɗaya ba a raba mu ba, kuma shekara shida ke nan, tun abin da ya faru ranar bakwai ɗin Baba, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Sai ga likita da takarda a hannu yana cewa jininmu ya haɗu, goma bisa goma. Inna cewa ta yi a sake gwadawa, wataƙila injin ne ya kwana biyu.

Mako uku na yi a can. Allura kwana biyar, ƙasusuwana suna ciwo kamar an daka ni a turmi, sannan aka jona ni da wani inji awa biyar yana tace jinina yana tsamo abin da za a dasa masa. Abin da aka samu bai fi ƙullin zoɓo ba. Shi ne ya tashi ƙaton namiji daga kwance.

Makarantar da nake koyarwa a Malumfashi tana hutu, don haka ni ce mai jinya tare da Rabi. Bai ce mini sannu ba, ni ma ban nema ba.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Likitoci sun ce jikinsa yanzu kamar na jariri ne, tarin mutum ɗaya zai iya kwantar da shi. Ba musabaha, ba cunkoso, ba leƙa rumbu, ba taɓa taki, ba nonon da ba a tafasa ba. To, je ka gaya wa mutanen Tsiga kada su zo dubiya!

Na shimfiɗa tabarma a bakin zaure, na ajiye bokiti da sabulu. Mai gaisuwa ya tsaya ta taga, ya yi addu'arsa, Allah ya ba da lada. Jiya mutum arba'in da ɗaya na mayar, har da 'yan Gozaki da suka cika mota.

Yau sai ga Kawu Maitama, yayan Inna, da tarin nan nasa mai kama da tashin babur.

"Ke Hafsatu, ɗan ƙanwata ne fa."

"Na sani, Kawu. Amma tarin nan naka ba ɗan'uwan kowa ba ne."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce boko ta gama da ni. Ya yi gaisuwarsa ta taga dai. Daga ciki na ji Awaisu yana cewa, "Malama, an naɗa ki sarautar ƙofa ke nan?" In yana son ya tsokane ni haka yake kirana. Na ce masa eh, kuma ba murabus.

Juma'a, 8 ga Agusta, da safe

Tafin hannun Awaisu ya yi ja. Rabi ta ce zafin kofin shayi ne.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan Azahar

Ba kofin shayi ba ne. Ƙuraje sun feso masa a wuya da baya da bayan kunne, yana susa kamar wanda ya shiga ƙaiƙayi. Miyar kuka da ba ta da yajin kirki ya ce tana ƙona masa baki. Inna ta aika a samo sassaƙe, na tare shi a zaure na zuba a kwata, ta yi ta faɗa, na yi kamar ba da ni take ba.

Na ɗauki hoton bayansa na tura wa Dakta Najiba, likitar jini da ke duba shi a Zariya. Ko minti goma ba a yi ba ta kira. Ta ce gobe da sassafe, kada mu tsaya karin kumallo.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Magariba

Dakta Najiba 'yar siririya ce, amma ba ta kwana-kwana. Ta duba fatar, ta leƙa baki da ido, sannan ta zauna ta yi mana bayani da Hausa tsantsa, Allah ya yi mata albarka.

Ta ce ɓargon da aka dasa ya kama, har ya fara aikin gadi. Sai dai baƙo ne a gidan, bai gama sanin masu gida ba, shi ya sa yake kai wa fata da baki hari, yana ɗaukar su ɓarayi. Ta ce ba sabon abu ba ne, an bi diddigin dubban mutanen da aka yi wa irin wannan dashe, kuma a cikin goma uku ko huɗu suna gamuwa da shi. Na wasu ya tsaya a fata, na wasu ya gangara hanta da hanji, wannan shi ne mai kisa. Ta ƙara da cewa faɗan nan da yake yi da jiki, shi ne kuma yake yi da ragowar waccan in ta ɓuya a wani lungu.

Awaisu ya yi dariya har da tari. "Likita, ai ba sai kin wahalar da kanki ba. Hafsatu ce. Ko gidan biki ta shiga sai ta sami wanda za ta yi da shi."

Rabi ta yi dariya, likita ta murmusa. Ni ban ga abin dariya ba.

An ƙara masa wasu ƙwayoyi farare da za su kwantar da sabon ɓargon. An kuma ɗebi jini da ɗan ɓargo za a aika waje, a gano abu biyu: nawa ne ya rage nasa, nawa ne nawa, kuma ko akwai ɓurɓushin waccan. Sai nan da wata guda.

Talata, 12 ga Agusta, da rana tsaka

Wa ya aike ni? Na ɗauki waya na shiga karance-karancen binciken da likitoci suka yi, ina fassara wa kaina kalma-kalma kamar 'yar aji ɗaya. Sai na ci karo da shi. Wai in mace ce ta ba namiji, hatsarin wannan faɗan ya fi yawa, musamman macen da ta taɓa haihuwa, balle haihuwar 'ya'ya maza.

'Ya'yana biyar, huɗu maza.

Na kife wayar. Na wanke kwanukan da Rabi ta riga ta wanke.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Kawu Maitama ya dawo, wannan karon ba dubiya ya zo ba, shari'a ya zo yankewa. Ya zauna da Inna a gindin dalbejiya, muryarsa har zaure. Wai shi bai yi boko ba amma ya san abu ɗaya: mutum biyun da jininsu bai haɗu ba, an ɗebi na ɗaya an ɗura wa ɗaya, me ake jira in ba faɗa ba? Wai abin da aka bayar da ƙullin zuciya ba ya zama lafiya a cikin mai karɓa.

Na fito na ce, "Kawu, a wace jami'ar aka koya maka?" Allah na tuba, bai kamata ba. Ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Da ya tafi Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Hafsatu, tsakaninki da Allah, da zuciya ɗaya kika ba shi?"

Juma'a, 15 ga Agusta, da safe

Ban amsa wa Inna ba.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Mako guda da fara ƙwayoyin, ba sauƙi. Likita ta ce ya kamata a ga canji cikin kwana biyar. Ƙurajen sun sauko ciki da cinya. Na ce ya kalli taga, ya kalla. Farin idonsa ba fari ba ne.

Masara ta yi goyo a gonar bayan gida, ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Haushinta nake ji.

Talata, 19 ga Agusta, bayan Azahar

Wannan kam dole in rubuta shi.

Rabi ta zo wanki, ta zazzage aljihun jallabiyarsa, sai ga ƙwayoyi suna zubowa a ƙasa kamar gero. Fararen nan, da na dā ɗin ma da ya zo da su daga Indiya. Mutumin nan karɓa yake yi, ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, ya zura su aljihu! Rabi ta durƙushe tana kuka. Ni kuwa na kwashe su a tafin hannu na faɗa ɗakin ko sallama babu.

"Awaisu, hauka kake yi? So kake ka mutu a ce ni na kashe ka?"

Ya ce in rage murya. Na ce ba zan rage ba, duk Tsiga ta ji.

Sai ya tashi zaune, da idon nan nasa ruwan ɗorawa, ya ce, "Ba ke kika ji likita ba? Ta ce maganin kwantar da ɓargonki yake yi. Ta kuma ce faɗan da yake yi shi ke korar ciwon. To don me zan kwantar da shi? Na san ki, Hafsatu. Shekara arba'in da biyu ina fama da ke. In aka bar ki da masifarki, wallahi ba abin da zai iya zama a jikin nan. Susa ce, zan jure."

Ashe duk tsawon kwanakin nan da nake zargin jinina, shi dogara ya yi da shi. Wawa. Wawan Allah.

Na ce, "Masifar tawa ba ta san ɗan'uwa ba, kai ne shaida. Ranar bakwai ɗin Baba wa ta bari?"

Ya ce, "Ni na fara."

Na ce, "Na sani. Buɗe bakinka."

Ya buɗe, na zuba na yau, na tsaya a kansa har ya haɗiye, na ce ya ɗaga harshe. Na kira Dakta Najiba na gaya mata komai. Ta yi salati, ta ce mu taho yanzu da kayan kwana.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma, Zariya

An kwantar da shi. Faɗan ya taɓa hanta. Ta jijiya ake ba shi maganin yanzu, ba aljihun da zai ɓoye.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Likita ta yi masa wankin babban bargo, na ji daɗi har raina. Ta tambaye shi ko yana da shanun huɗa, ya ce biyu. Ta ce, "In ka saki bijimi a gona ba igiya, huɗa zai yi maka ko ɓarna?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce ba kashe ɓargon za a yi ba, igiya za a sa masa, kuma ita ce mai riƙe igiyar, ba shi ba.

Da ta fito na bi ta baranda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na gaya mata abin da na karanta, na mace mai haihuwa, na ce 'ya'yana maza huɗu.

Ta ce, "Gaskiya ne, Malama. Amma kin karanta har ƙarshe?"

Na ce a'a, kife wayar na yi.

Ta ce, "Da kin ƙarasa, da kin ga cewa a binciken da yawa, irin waɗannan ɗin ciwon bai cika dawo musu ba kamar sauran. Kowane dashe da nasa hatsarin. Kuma in ban da ke wa ya dace? Da yanzu wani zancen ake yi."

Na shiga banɗakin mata na yi kukana, na wanke fuska, na fito na sayi gasasshiyar masara biyu na cinye ni kaɗai.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Awon hanta ya fara sauka. Ya fara sauka!

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi

Ya ƙara sauka. Idon ya washe, ƙurajen suna bushewa suna barin baƙin tabo. Ɗazu ya ce ma'aikaciyar jinya ta fi ni taushin hannu. Na ce to ta ba shi ɓargo mana. Mai gadon kusa da mu ya yi dariya har aka zo aka tsawata masa.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan La'asar, Tsiga

An sallame mu. Mun ci wannan yaƙin, ko maƙiyi ya shaida! Sabuwar doka: ni ke ba da magani, Rabi ke duba ƙarƙashin harshe. Ta ɗinke aljihun jallabiyun duka uku da zare baƙi, ba wanda ya sa ta. Yarinyar nan ta fara burge ni.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Na sami Inna tana tsinar wake, na zauna na ce na zo da amsarta.

"A'a, Inna. Ba da zuciya ɗaya na ba shi ba. Ina kwance a jikin injin nan ina jin haushinsa, ina tuna maganar da ya faɗa mini a gaban mutane. Amma ko sau ɗaya ban ce a cire allurar ba. Kuma in aka ce gobe a sake, da haushin nawa zan sake hawa jirgi."

Ta daɗe tana tsinar wakenta. Can ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Sai ta tura mini tiren, ta ce in taya ta tunda bakina ya huta.

Da yamma na je gidan Kawu Maitama na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar jami'a. Ya ce ya yafe, amma har yanzu yana kan bakansa. Ya zauna a kai, Allah ya ƙara masa lafiya.

Juma'a, 5 ga Satumba, da rana

Maganin nan ya buɗe masa ciki, tabɗi! Tuwo malmala uku, ya kuma tambayi ko akwai ɗumame. Fuska ta yi zagaye kamar faifai, likita ta ce za ta saɓe in aka rage ƙwayoyin. An fara karyar masara, yana zaune ta taga yana ba ma'aikata umarni da ihu, tunda an hana shi kusantar ƙurar. Wai sun bar rabi a kara. Mutumin da ake juyawa a gado watan Afrilu!

Sakamako bai zo ba.

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Bai zo ba. Na share tsakar gida sau uku.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan La'asar

Allahu Akbar. Bari in rubuta a hankali kada in tsallake komai.

Dakta Najiba ta kira jiya ta ce mu zo, ta ƙi faɗa ta waya. Muka shiga, ta ɗauko takarda biyu. Ta ce ta farko: a duk ƙwayoyin da aka duba ba a ga ɓurɓushin waccan ba. Ko ɗaya. Rabi ta zame daga kujera ta yi sujada a kan simintin ofis.

Ta biyu kuwa, ta ce ɗari bisa ɗari na jinin da ke yawo a jikin Awaisu nawa ne. Nasa na dā babu ko ɗigo. Har ta ce in wani ya duba jinin bai ga mai shi ba, zai rantse na mace ne. Na yi guɗa a asibitin mutane, ni malamar makaranta, har wani ya leƙo. Awaisu ya ce don Allah kada wannan maganar ta isa majalisar ƙofar gidansu. Na ce kafin Magariba za ta isa.

Likita ta bar mu muka gama, sannan ta ja mana kunne. Ta ce ba a cewa an warke yau, sai an yi shekaru ana awo. Faɗan nan na iya motsawa a ido ko baki ko huhu, kuma waccan ma akan ga ta waiwayo. Amma ta ce a yau, a inda muke, ba ta da labarin da ya fi wannan da za ta ba kowa.

Mun miƙe za mu fita sai Awaisu ya tsaya, yana murza hularsa.

"Likita, tambaya ɗaya. Tunda yanzu iri ɗaya ne da nata, in wata rana ita ta buƙata, jini ko ɓargon, ai ni zan ba ta ko?"

Ta girgiza kai. Ta ce wanda ya taɓa yin irin ciwonsa ba a karɓar jininsa, har abada.

Ya ce, "Ko kwalba ɗaya?"

Ta ce ko ɗigo.

Ya tsaya kawai. Ƙaton mutum, da kumburarriyar fuska, hawaye na bin tabon ƙuraje, a gaban matarsa da likita. Rabona da ganin kukansa tun yana ɗan shekara tara. Ya juyo ya ce, "Yaya, to ni me zan yi miki?"

Na ce, "Ka tsufa da jinin nan."

Na karɓi hular na kifa masa a ka, na ce ya wuce mu tafi, ƙarfe biyu ta yi kuma maganinsa na cikin jakata.